Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabar NAFDAC Kan Kwalaben Man da Ake Sayar Wa Masu Hawan Jini

Zuwa ga Farfesa Mojisola Adeyeye,
Shugabar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC,
Abuja.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya taya ki riƙon amanar da aka ɗora miki, ya ba ki lafiya da abokan aiki na gari.

Na san sai an fassara miki wannan wasiƙa, amma da gangan na rubuta ta da Hausa. Abin da ya kawo ni da Hausa ake yin sa. Da Hausa ake tallarsa a rediyo bayan sallar isha'i, da Hausa mai mota da lasifika yake shelarsa a bakin tasha da ranar kasuwa, da Hausa ake tura muryarsa daga waya zuwa waya a WhatsApp, ake ɗora bidiyonsa a Facebook da TikTok. Gargaɗin hukumarku kuwa, inda ma aka sa shi, da Turanci yake, da ƙananan haruffa, a can bayan kwalba. Tsakanin wancan amo da wannan raɗa mutane suna shanyewa, kuma ɗaya daga cikinsu baffana ne.

Baffana, ƙanin mahaifina, tela ne, shekararsa 61. An gano yana da hawan jini ne shekara 6 da suka wuce, lokacin awon lafiyar maniyyata aikin Hajji. Awon jininsa na sama 170, na ƙasa 100, shi kuwa ko ciwon kai ba ya ji. Likita ya ɗora shi kan amlodipine da wata ƙaramar ƙwaya mai sa fitsari, jinin ya sauka, ya je ya sauke farali ya dawo lafiya, ya ci gaba da ɗinkinsa. Ƙorafinsa bai wuce biyu ba. Ƙafafunsa sukan ɗan kumbura da yamma, sannan tun daga 2023 kuɗin maganin ya yi ta hawa har ya zama sai an yi lissafi tsakaninsa da cefane. A cikin wannan hali wani abokin majalisarsa ya raka shi wani shagon magungunan Musulunci, aka ɗauko masa kwalba, haɗin man habbatus sauda da man tafarnuwa da man zaitun. Cokali ɗaya da safe, ɗaya da dare, wata uku. Mai shagon ya ce masa man yana wanke jijiya, yana narkar da kitsen da ya toshe zuciya, yana tsinka jini. Ya ce maganin asibiti danne ciwo yake yi, shi ya sa ake shan sa har mutuwa, wannan kuwa daga saiwa yake tumɓuke shi. Sannan ya faɗi maganar da ta rusa gidanmu: idan aka haɗa shi da ƙwaya ba zai yi aiki ba, sai an ajiye ƙwayar.

Baffa ya ajiye. Kumburin ƙafa ya tafi, domin dama amlodipine ɗin ne yake kawo shi, shi kuma ya ɗauka alamar samun sauƙi ce. Har ya saya wa wani maƙwabcinsa kwalba ɗaya. Ba wanda ya sani a cikinmu, ba wanda ya auna shi. Bayan wata huɗu, da asuba yana alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Da muka isa asibiti na sama 210 ne. Yau ana maganar shekara guda. Yana jan ƙafa da sanda, hannun dama ba ya ɗaguwa, keken ɗinkin da ya ciyar da 'ya'ya tara yana soro an lulluɓe shi da tsohon zani.

Ranar da harshensa ya ɗan saki, na zauna kusa da shi na ce, "Baffa, me ya sa ka bar maganinka ba ka gaya wa kowa ba?" Ya daɗe yana haɗa kalmomin, sannan ya ce, "Ɗana, da lambar NAFDAC fa a jiki."

Wannan amsa ita ta hana ni barci, ita ce kuma dalilin da ya sa nake ƙwanƙwasa ƙofarki maimakon ta mai shagon. Ni malamin makaranta ne, ba likita ba. Amma na ɗauko kwalbar, na yi ta tambaya da karatu har na gane abin da baffa bai taɓa ji ba. Lambar da ke jikinta da harafin L ta ƙare. Ke da kanki kin sha yi wa manema labarai bayani cewa irin wannan lamba izini ne na shekara 2, ana ba da shi bayan an gwada an ga abin ba guba ba ne, kuma ba shaida ce ta cewa yana warkar da wani ciwo ba. Cikakkiyar rajista ta shekara 5 sai wanda aka gwada a kan marasa lafiya aka tabbatar yana aiki. Shi ya sa kuke wajabta a rubuta a jikin kwalba cewa hukuma ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Na nemi wannan rubutu a kwalbar baffa, na same shi, sai da na sa tabarau. Mutumin da karatunsa na allo ne da ajami, ko wanda ya yi boko amma ba ya jin Turancin doka, me wannan layi zai amfana masa? Abin da idonsa yake gani shi ne sunan hukumar da tun zamanin marigayiya Dora Akunyili aka koya masa ya nema kafin ya sha komai. Kun yi shekaru kuna gina wannan yarda, kuma kun yi nasara, har ta kai talakan ƙauye yana juya kwalba yana neman lamba. Yau wannan yardar ce jarin masu talla. A rediyo za ki ji ana nanatawa: "Hukumar NAFDAC ta tabbatar da shi." Ba su faɗin abin da aka tabbatar.

Kafin in ci gaba, bari in yi wa man nan adalci, domin ban zo in zagi abin da ni ma nake da shi a ɗakina ba.

Habbatus sauda tana da daraja a wajenmu wadda ta wuce ta kasuwa. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa a cikinta akwai waraka daga kowace cuta ban da mutuwa. Zaitun kuma Alƙur'ani ya kira ta bishiya mai albarka a cikin Suratun Nur. Na yi imani da duk wannan. Masana ma sun waiwaye ta. A 2016 an tattara gwaje-gwaje 11 da aka yi a kan mutane, aka ga habbatus sauda tana rage awon jini na sama da kimanin maki 3, na ƙasa ma kusan haka, a gwajin 'yan makonni. Tafarnuwa ta ɗan fi ƙarfi, akwai nazarce-nazarcen da suka ga raguwar kimanin maki 8 ga masu hawan jini, sai dai yawancinsu da garinta ko tatsattsen sinadarinta da aka auna aka yi su, ba da man da aka jiƙa ta a ciki a bayan shago ba. Man zaitun kuwa, babban gwajin da ya ɗaga sunansa a ƙasar Sifen aka yi shi, kan mutum sama da 7,000, inda aka ga bugun zuciya da shanyewar jiki sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Amma waɗancan mutane girki suke yi da shi, sun maye gurbin sauran maiƙo da shi, cikin cimar da ta cika da ganye da wake da kifi da 'ya'yan itace. Ba cokali suka ɗora a kan abin da suka saba ci ba, kuma masu shan magani a cikinsu ba a ce su ajiye ba. Ko zoɓonmu da ake nomawa a Jigawa ana kaiwa har Meziko, an gwada shi a Amurka a 2010, kofi 3 a rana na mako 6, ya sauke na sama da kimanin maki 7.

To ranki ya daɗe, ki ɗora maki 3 a kan 170. Mutum yana nan a 167, yana tafe da ajalinsa a jijiya. Wannan lissafi ɗan firamare zai iya shi. Ƙwaya ɗaya ta asibiti takan rage kusan maki 9, shi ya sa ake haɗa biyu ko uku ga wanda nasa ya yi nisa. An ma yi gwaji a kan baƙar fata a ƙasashen Afirka 6, Najeriya na ciki, ƙarƙashin jagorancin Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja, aka buga sakamakon a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke mana jini. Wato maganin da ya fi dacewa da jikin baffa shi aka ce ya jefar. Duk maki 10 da aka sauke, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana raguwa da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Akwai kuma babban binciken nan kan shanyewar jiki da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta, da Kano da Zariya a cikin wuraren da aka tattara marasa lafiya, ya alaƙanta kimanin kashi 90 cikin 100 na wannan ciwo da hawan jini. Kowa a unguwarmu zai iya lissafa miki gidaje biyar da ke da wanda ya shanye. Da yawa har yanzu ana cewa iska ce ta buge su a banɗaki.

Game da hadisin kuwa, na je na zauna gaban malamai. Abin da suka karantar da ni shi ne manyan masu sharhi tun da can sun tattauna ma'anarsa. Ibn Hajar ya kawo maganar Khaɗɗabi cewa lafazin na gama-gari ne amma ana nufin wasu cututtuka keɓantattu, wasu malaman kuma suka ce warakar tana nan amma tana buƙatar sanin gwargwado da yadda ake amfani da ita, wani lokaci ita kaɗai, wani lokaci a haɗe da waninta. Ba wanda ya ce mini hadisin yana nufin a zubar da maganin da aka jarraba aka ga amfaninsa. Annabin da ya faɗi falalar habbatus sauda, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce ku nemi magani ya bayin Allah, shi ne kuma ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Abin da ya fi ƙona mini rai a tallan nan shi ne yadda ake jingina kwalba da aya da hadisi, ta yadda duk wanda ya tambayi hujja sai a kalle shi kamar mai raunin imani. Dattijo irin baffa ba zai iya musu da mai rawani da carbi yana karanto nassi ba. Na san hukumarku tana taka-tsantsan da duk abin da ya taɓa addini a Arewa, kuma ina ganin wannan tsoro ne ya sa shagunan nan suka yi yawa kamar jamfa a Jos ba mai leƙa su. Ina tabbatar miki malamanmu na ƙwarai za su tsaya tare da ku idan kuka neme su, domin sunan addininsu ake sayarwa.

Hawan jini ciwo ne da ya dace da ɗan damfara fiye da kowane ciwo, saboda ba ya magana. Mai zazzaɓi idan aka ba shi jabu, kwana biyu zai gane. Mai hawan jini zai sha ruwan banza wata shida yana jin garau, yana ba da shaida a rediyo da zuciya ɗaya, alhali ƙodarsa tana lalacewa, zuciyarsa tana kumbura. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya kimanin biliyan 1.28 ne ke da shi a duniya, kusan kashi 46 cikin 100 ba su ma san suna da shi ba, kuma kusan mutum 1 cikin 5 ne kawai nasa ya daidaita. A nan gida ana maganar kusan babba 1 cikin 3. Alƙali ɗaya ne a wannan shari'a, shi ne na'urar awo. Wanda aka auna a ranaku biyu daban-daban aka samu 140 bisa 90 ko sama, yana da shi, ko da kuwa yana iya ɗaukar buhun masara. Na shiga shagunan nan fiye da goma bayan abin da ya faru. Wasu suna da na'urar, suna auna mutum ranar da zai saya don su tsorata shi. Ban ga wanda ya ce wa mai saye ya dawo bayan mako biyu a sake aunawa a ga ko man ya yi aiki ba.

Akwai kuma abin da ke cikin kwalbar kanta. Ba a rubuta nawa ne habbatus sauda, nawa ne tafarnuwa, nawa ne zaitun ba. Wata kwalbar baƙa wuluk, wata ruwan ƙasa, sunan ɗaya. Ana baza su a rana a kan baro da bayan mota, alhali zafi da haske suna ɓata mai har ya yi ɗaci. Tafarnuwar da aka jiƙa a mai aka ajiye a zafin ɗaki tana iya haifar da ƙwayar cuta mai guba da ke shanye jijiyoyi, wannan sananne ne ga masana abinci. Tafarnuwa mai yawa tana ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan magungunan tsinka jini irin su asfirin ko warfarin, waɗanda kuwa su ne ake ba masu ciwon zuciya, wato mutanen da tallan yake kira. Mai ciki da jininta ya hau, wadda ke bakin jijjiga, ita ma tana jin tallan, ita ma ana ce mata na gargajiya ba ya illa. Ba gargaɗi ko ɗaya a kan wannan a jikin kwalbar da ke hannuna.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne doka tana nan. Dokar Abinci da Magunguna ta ƙasar nan, wadda asalinta tun 1974 ne, ta hana tallata wani abinci ko magani ga jama'a da sunan yana warkarwa ko yana kare mutum daga wasu cututtuka da ta jera, kuma hawan jini da ciwon zuciya da ciwon suga suna cikin jerin. Ƙa'idojinku sun ce ba a tallan maganin gargajiya sai kun duba kun amince da kalmomin. Ga hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, ga hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC. Duk da haka, a daren yau ma wani zai sayi rabin awa a wata tasha ya ce yana raba mutum da hawan jini har abada. Ina zargin takardar da ake kai muku ku sa wa hannu daban, abin da ake faɗa da baki a shirin kai-tsaye daban, kuma babu mai jin Hausa da aka zaunar aikinsa kawai ya saurara. Idan haka ne, gyaran ba shi da tsada. Ma'aikaci biyu ko uku a ofisoshinku na Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, da rediyo da waya da littafi, sun isa su tara muku hujjar da za ta cika kabad a wata guda. Tashoshin nan kuma ba a iyakar Najeriya muryarsu take tsayawa ba. Ana kama su a Maraɗi da Damagaram, kwalaben ma suna bin motocin Jibiya da Maigatari suna tsallakawa, da lambarku a jiki.

Na ga abin da za ku iya idan kun tashi. Na ga yadda kuka tsaya kai da fata, ku da hukumar masu harhaɗa magunguna, har aka tashi 'yan kasuwar magani daga Sabon Garin Kano zuwa Dangwauro a 2024, abin da aka yi shekaru ana cewa ba zai yiwu ba. Na ga yadda a 2023 kuka rufe wani wurin haɗa maganin gargajiya na ruwa da ya karaɗe Arewa, bayan 'yan jarida sun kai shi ɗakin gwaji. Sai dai a wancan karon 'yan jarida ne suka riga ku, kuma mutane sun daɗe suna sha.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba zan ɓoye laifin ɓangaren asibiti ba, ko da yake ba duka ne a hannunki ba. Da a ranar farko wani ya zauna da baffa minti biyar ya ce masa, "Baba, wannan ƙwaya tana iya kumbura ƙafa, idan ta dame ka ka dawo a canza maka, kuma wannan ciwo ba a warkewa, lallaɓa shi ake yi," da mai shagon bai samu ƙofa ba. Mutum ya yi sammako ya bi layi awa huɗu, a gan shi minti biyu, a rubuta masa abin da ba zai iya karantawa ba. Can kuwa a shago an shimfiɗa masa darduma, an tambayi iyalinsa, an saurare shi, an yi masa addu'a. Sannan ga tsada. Tun da darajar naira ta faɗi, wasu manyan kamfanonin magani na waje suka naɗe tabarmarsu, talaka ya koma sayen ƙwaya ta kwana uku-uku. Umarnin da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a 2024 na cire haraji daga kayan haɗa magani, har yanzu mai sayen sashe ɗaya a kemis yana jiran ya ji shi a aljihunsa. Abin takaicin shi ne da na yi lissafi, kwalbar baffa ta wata guda ta fi amlodipine ɗin gida na wata guda tsada. Ya biya ƙari ne saboda an yi masa alkawarin wata uku ya huta har abada.

Ga abin da nake roƙo. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Babban roƙona shi ne gargaɗin ya koma harshen da ake ciniki da shi. Duk kwalbar da ke ɗauke da lamba mai L da za a sayar a ƙasar Hausa, a wajabta rubutu a gabanta, manya-manya, da boko da ajami: "Hukuma ba ta tabbatar wannan yana warkar da wani ciwo ba. Kada ka daina maganin asibiti." A wajabta karanta wannan jimla da murya a farko da ƙarshen kowane talla, da irin sautin da aka yi tallan, ba a guje kamar ana korar mai karantawa ba. Yarbawa da Ibo da sauran jama'a su ma a yi musu da nasu harshen. Kuma ita wannan kalma ta "ka ajiye ƙwayarka", ina so ta zama laifi mai zaman kansa wanda ke janye lamba nan take, ko a kwalba aka rubuta ta, ko a rediyo aka faɗe ta, ko wakilin kamfani ne ya faɗa a shago. Mai kamfani ya san cewa bakin dillalinsa yana iya rufe masa masana'anta. Gidan rediyon da ya karɓi kuɗi ya watsa, shi ma a kira shi ya amsa.

Ku fito kuma ku yi wa mutane bayanin harafin nan da kanku. Ranar 17 ga Mayu ta kowace shekara ranar hawan jini ce ta duniya, 29 ga Satumba ta zuciya, 31 ga Agusta ta maganin gargajiya a Afirka. A waɗannan ranaku jawabi ake yi a otal a Abuja. Ina so in ji jami'inku a filin rediyon Hausa, tare da likitan zuciya da malamin addini da shugaban masu maganin gargajiya, teburi ɗaya, ana buga waya ana tambaya. A faɗa wa mutane abin da ba mai kwalba da zai faɗa musu saboda ba a sayar da shi: gishirin da ya halatta ga babba a yini bai kai giram 5 ba, wajen ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen magi da kanwa da farin magi duk suna cikin lissafin. Manhajarku ta kai rahoton illar magani da kundinku na duba rajista a intanet abubuwa ne masu kyau, amma baffa ba zai iya amfani da ko ɗaya ba. A samar da lambar waya da za a kira a yi magana da Hausa. Likitoci da nas-nas kuma a riƙa tambayar duk wanda aka kawo ya shanye ko ƙodarsa ta tsaya me yake sha a gida, a rubuta, a aiko muku. Mu ba wanda ya tambaye mu, ni ne na kai kwalbar da kaina.

Roƙona na ƙarshe saboda masu maganin gargajiya na gaskiya ne, waɗanda suka gaji sana'ar iyaye da kakanni, ba su da lasifika, kuma su ne za su fara ce wa mutum wannan ya fi ƙarfina, tafi asibiti. Magori mai wasa kansa da kansa ya ɓata musu suna. Hanyar fitar da su kunya ita ce gwaji. Tsiro ya sha zama maganin asibiti. Ɗaya daga cikin magungunan hawan jini na farko, reserpine, daga saiwar wani tsiro aka fitar da shi a 1952, tsiron da ɗan'uwansa yake fitowa a dazukan Afirka ta Yamma. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga wani ganye na ƙasar Sin ya fito, har ya jawo wa Tu Youyou kyautar Nobel a 2015. A nan gida cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta ɗauki haɗin wani mai maganin gargajiya na ciwon sikila, wanda akwai masoro da kanumfari da dawa a cikinsa, ta gwada shi a kan marasa lafiya ya zama Niprisan. Gana tana da cibiyar binciken tsirrai a Mampong tun 1975. Me zai hana a yi wa habbatus sauda da zoɓo da tafarnuwa irin wannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika, ko na Sakkwato? Mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya biyan kuɗin gwaji shi kaɗai ba, kin sha faɗin haka da kanki. To a haɗa su ƙungiya-ƙungiya, a haɗa su da jami'o'i da hukumar bunƙasa magungunan gargajiya ta ƙasa, a nemo kuɗin. Wanda ya ci jarrabawa a ba shi cikakkiyar lamba, a faɗi maki nawa yake saukewa, cokali nawa ake sha, wa zai sha, wa ba zai sha ba. Ranar da aka yi haka ni ne zan fara saya wa baffa, ya haɗa da ƙwayarsa da sanin likitansa.

Maƙwabcin da baffa ya saya wa kwalba, mun same shi, mun kai shi an auna, na sama 184. Ya koma kan maganinsa. Baffa yakan tambaye ni shi kusan duk mako, domin abin yana cin sa fiye da hannunsa. Sauran waɗanda suka saya a wannan shago ban san su ba, shagon kuma yana nan a buɗe, jiya ma na wuce ta gabansa.

Kwalbar tana wajena, da sauran mai kamar kashi ɗaya cikin uku, da lambarta, da ranar da aka saye ta, da takardun asibitin baffa tun daga awon Hajji har zuwa na ranar da ya faɗi. Na kuma naɗi tallan sau huɗu a wayata. Duk ranar da ofishinku na Kano ya neme ni, zan kawo su da hannuna.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Naki cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta daga birnin Kano.